NAS ɗinmu a buɗe take ga kowa, ta ina zan fara rufewa?

Sabon Admin:
Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wurin manya. An danƙa min kula da wata NAS, wato na'urar ajiye fayiloli da ake shiga ta netwok, a wurin aiki, ma'aikata wajen talatin ne ke ajiye fayiloli a kanta ta SMB (hanyar raba fayiloli ta Windows), sannan akwai sabobin Linux guda uku da ke jona ta ta NFS (hanyar raba fayiloli ta Linux da Unix), ɗaya ta manhajar yanar gizo, ɗaya mai ɗauke da VM (kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin saba), ɗaya ta bakof. Wanda ya haɗa tsarin ya bar aikin kuma ko layi ɗaya bai rubuta ya bari ba. Da na buɗe /etc/exports, fayil ɗin da ke cewa wa zai jona me ta NFS, ga abin da na tarar:

/ajiya *(rw,sync,no_root_squash)

A ɓangaren SMB kuma Everyone aka ba Full Control. Yanzu oga ya ce foldar sashen kuɗi da ta sashen ma'aikata kar kowa ya ƙara ganinsu sai masu su. Tambayata ita ce in na gyara izinin foldojin kawai ya isa, ko dole sai na taɓa exports ɗin nan? Wallahi tsoro nake kar in taɓa wani abu aiki ya tsaya cak a ce ni ne.

Yaya Linux:
Wa'alaikumus salam ƙanina. Kai, wannan layi ɗaya da ka turo ya fi duk sauran matsalolinka haɗari. Tauraron nan da ke gaba yana nufin duk na'urar da za ta iya kaiwa ga fot 2049 na NAS ɗin an yarda ta jona, ba sabobinka uku kaɗai ba, har laftof ɗin baƙon da ya zo ya soka waya a bango. rw kuma karatu da rubutu. Sai no_root_squash ta zo ta ƙarasa aikin, wato wanda yake root, asusun da ke da cikakken iko, a kan laftof ɗinsa to root ne a kan fayilolinku. Ka je ka yi chmod 700 a foldar kuɗi har ka gaji, mutum zai yi mount ɗaya ya shiga ya kwashi abin da yake so, ba wanda zai tambaye shi kalmar sirri. Don haka amsar tambayarka a'a, gyaran folda kaɗai bai isa ba.

Ɗalibi99:
Yaya yi haƙuri da katsalandan, ni ɗan koyo ne. To ba sai ya cire no_root_squash ya sa root_squash ba shi ke nan? Na karanta cewa ita ke mayar da root ya zama nobody.

Yaya Linux:
Haka ne tana mayar da shi, lambar asusunsa wato UID ta tashi daga 0 ta koma 65534, kuma lallai ya sa ta, ita ce ma asalin saitin in ba a rubuta komai ba. Amma kar ka ɗauka ta gama magana. NFS in tana kan sec=sys, wanda shi ne abin da kusan kowa ke amfani da shi ba tare da ya ma sani ba, ba ta tantance mutum, lambar UID kawai na'urar da ta jona take turowa ita kuma ta yarda. Kamar maigadin da zai tambaye ka sunanka a bakin ƙofa, duk sunan da ka faɗa ya rubuta ya buɗe maka, ba ya neman katin shaida. To in fayilolin albashi na UID 1005 ne, ni da nake root a laftof ɗina sai in ƙirƙiri wani asusu in ba shi 1005, in yi amfani da umarnin su in koma shi, shi ke nan na zama ma'ajin kamfaninku. root_squash fayilolin root kawai ta kare.

Ba wai masu NFS ba su da hankali ba ne fa. Sun Microsystems ta fito da ita a 1984, lokacin da kwamfutocin da ke kan netwok ɗin ma'aikata duk a hannun admin ɗaya suke, babu wanda ke shigowa da tasa a jaka. Zamani ne ya wuce wancan zaton, saitin kuma ya zauna yadda yake.

Sabon Admin:
Tab. To Yaya yanzu in cire tauraron in sa IP na sabobin uku?

Yaya Linux:
Eh, amma ba a layi ɗaya ba kuma ba /ajiya gaba ɗaya ba. Me ya haɗa sabar yanar gizo da foldar albashi? Kowace saba ka fitar mata da reshenta kawai:

/ajiya/yanar 10.0.20.11(rw,sync,root_squash)
/ajiya/vm 10.0.20.12(rw,sync,no_root_squash)

Ita ta VM wataƙila dole ka bar mata no_root_squash saboda da yawa daga cikin masu ɗaukar VM a matsayin root suke rubutu, to ka bar mata amma a wannan reshen kaɗai kuma ga wannan IP kaɗai. Kuma ka lura da kyau, kar ka bar sarari tsakanin IP da bakan. In ka rubuta 10.0.20.11 sannan sarari sannan (rw), ma'anar ta juye, ita sabar ta samu karatu kawai, duk sauran duniya kuma sun samu rw. Sarari ɗaya tak. In ka gama ka yi exportfs -ra sannan exportfs -v ka karanta da idonka abin da na'urar ta fahimta, ba abin da kake zaton ka rubuta ba. A gefen sabobin kuma ka sa nosuid da nodev a fstab, fayil ɗin da ke jera abin da saba ke jonawa, don in wani ya samu ya dasa fayil mai setuid, wato mai gudana da ikon mai shi, a ma'ajiyar kar wata saba ta ɗauka ta gudanar da shi da ikon root.

Hajiya Root:
Ina gaida kowa. Yaya Linux duk abin da ka faɗa daidai ne sai dai ina jin tsoron yaron nan ya tafi da tunanin cewa IP shaida ce. IP ba shaida ba ce. In sabobin da ma'aikata duk suna kan netwok ɗaya, ranar da sabar yanar gizo ta mutu ko aka kashe ta don gyara, kowa zai iya sa 10.0.20.11 a na'urarsa ya zama ita. Jerin IP yana da amfani ne kawai in akwai abin da ke hana mutum ɗaukar wannan IP ɗin, wato VLAN, keɓaɓɓen yankin netwok, daban na ma'ajiya wanda fot ɗin suwic na ofisoshi ba sa cikinsa sam. Sabon Admin, ka duba NAS ɗin, yawanci suna da ramin waya fiye da ɗaya. Ɗaya ka ba ma'aikata, SMB kaɗai, fot 445. Ɗaya ka ba sabobi, NFS kaɗai. Shafin sarrafa NAS ɗin kuma kar ya buɗu ta ko ɗaya daga cikinsu in da hali.

Mai Windows:
Ku 'yan Linux kun cika wuri da NFS, mutanen da oga ya yi magana a kansu ta SMB suke shiga fa. Malam Sabon Admin kar Everyone ɗin nan ya firgita ka tukuna. A SMB izini hawa biyu ne, akwai na share, wato ƙofar da aka raba foldar ta netwok, akwai na foldar kanta wato ACL, jerin waɗanda aka ba izini, irin na NTFS, tsarin faifan Windows, kuma in mutum ya zo ta netwok duk wanda ya fi tsauri a cikin biyun shi ke aiki. Shi ya sa da yawanmu da gangan muke barin share a buɗe mu yi duk aikin a ACL, don kar ka zo kana neman dalilin da ya sa wane ya kasa rubutu a wuri biyu. Abin da ya kamata ka duba shi ne shafin Security na foldar, in can ma Everyone ne to nan ne gobarar take.

Hajiya Root:
Malam ban yarda da barin shi Everyone Full Control ba ko da ACL ɗin ya yi kyau. Na ɗaya, Everyone yana haɗawa da Guest, kuma ƙananan NAS da yawa in mutum ya sa sunan da ba su sani ba sai su mayar da shi Guest su bar shi ya wuce, a Samba, manhajar da ke ba da SMB a Linux, saitin map to guest ke yin haka. Na biyu, Full Control a share yana barin wanda ya ƙirƙiri folda ya canza izininta tunda shi ne mai ita, sai ka wayi gari wani ya rufe folda har admin ba ya gani, ko ya buɗe wa abokinsa na wani sashe. In ka sa Authenticated Users a kan Change, ka toshe biyun lokaci guda kuma ba ka ƙara wa kanka aiki ba.

Mai Windows:
To Hajiya a nan kam na sallama, Authenticated Users da Change ya fi. Amma maganata ta cewa a yi aikin a wuri ɗaya tana nan.

Ga yadda nake yi Malam. Ban taɓa sa sunan mutum a kan folda ba, rukuni kawai. Kowace babbar folda rukuni biyu, misali Kudi_Karatu da Kudi_Rubutu. Na rubutu Modify nake ba su, ba Full Control ba, bambancin shi ne Modify ba ya barin su canza izini. A kan foldar kuɗin ka yanke gado daga uwar folda, ka cire Users da Everyone, ka bar rukunan nan biyu da admin da SYSTEM. In an ɗauki sabon ma'aikaci ka jefa shi a rukuni, in ya tafi ka cire shi, ba ka taɓa foldar ba balle ka zauna kana jira izini ya bi fayil dubu ɗari ɗaya bayan ɗaya. In ka bi hanyar sa sunaye, bayan shekara biyu za ka buɗe Security ka ga dogayen lambobi masu farawa da S-1-5-21 na mutanen da aka goge asusunsu, ba wanda ya san ko su waye.

Sai Deny. Ka guje shi iya iyawarka. In ba ka son mutum ya shiga, kar ka ba shi Allow kawai, ya wadatar. Deny yana danne Allow, to ranar da ka sa Deny a kan rukunin da kowa ke ciki ka rufe har da masu foldar, kai ma kana ciki. Kuma in ka sa mutum a rukuni ya ce maka har yanzu bai shiga ba, kar ka fara tone-tone, ka ce ya fita daga kwamfutarsa ya sake shiga, domin jerin rukunansa lokacin shiga ake ɗora masa.

Ɗalibi99:
Akwai yadda za a yi mutum ma kar ya ga sunan foldar da ba shi da izini a kanta? Don wani lokacin sunan ma kansa sirri ne, kamar a ce folda mai suna waɗanda za a sallama.

Mai Windows:
Akwai, a Windows sunansa access-based enumeration, a Samba kuma hide unreadable = yes. Yana da kyau ka kunna, yana rage tambayoyi da gulma. Amma ɓoyewa ce kawai, ba kulle ba, haka ma sa $ a ƙarshen sunan share. Makullin dai ACL ne.

Gwani SAN:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Yaro, ka ce akwai saba mai VM, ka tabbata ta NFS take shiga ba iSCSI ba? Ka duba, don NAS ɗin zamani duk suna yin biyun, kuma wanda ya bar tauraro a exports ban ga abin da zai hana shi barin iSCSI a buɗe ba.

Dalilin tambayata, iSCSI wata duniya ce daban. A NFS da SMB ma'ajiya ta san fayil, ta san mai shi. A iSCSI da Fibre Channel ba ta san komai ba, guntun faifai take miƙa wa saba, abin da muke kira LUN, saba ce ke tsara shi ta sa masa NTFS ko ext4 ko VMFS. Duk izinin da ke ciki a hannun sabar yake. To wanda duk ya samu ya jona LUN ɗin nan kamar ya zare faifan ne ya tafi da shi gida, babu ACL ɗin da zai tsayar da shi. Saboda haka a can tambaya ɗaya ce tak, wace saba ce aka yarda ta ga wane LUN.

Kuma ba ɓarawo kaɗai ake tsoro ba, na fi jin tsoron saba mai kyakkyawar niyya. Na taɓa zuwa wani wuri da aka ƙaro sabuwar sabar Windows aka haɗa ta da ma'ajiya ba a yi masking ba, wato ba a taƙaita LUN ɗin da za ta gani ba, ta buɗe ido ta ga faifan da ba ta gane tsarinsa ba, ta tambayi mai aikin ko ya yi initialize, shi kuma ya ga sabon faifai ya danna eh. Faifan wata sabar ce da ke tsakiyar aiki. Ko ba a danna komai ba ma, saba biyu su riƙe LUN ɗaya da NTFS ko ext4 suna rubutu lalacewa ce kawai, don kowacce tana zaton ita kaɗai ce. Sai tsarin da aka gina don tarayya irin VMFS ko GFS2 ko OCFS2.

Sabon Admin:
Ranka ya daɗe na duba yanzu, gaskiyarka. Akwai target ɗaya na iSCSI a kunne, kuma wurin da aka ce waɗanda aka yarda su jona an bar shi a kan kowa. CHAP ma, wato tantancewa da kalmar sirri kafin a jona, babu.

Gwani SAN:
Ka gani ko. To abu uku. Ka ɗaure LUN ɗin ga IQN, wato sunan iSCSI, na sabar da ke amfani da shi, wannan shi ne masking. Amma ka sani IQN rubutu ne kawai, a Linux yana zaune a /etc/iscsi/initiatorname.iscsi, kowa zai iya gyara nasa ya kwafi na wani, don haka maganar da Hajiya ta yi a kan IP ta hau kansa shi ma. Shi ya sa na biyu, CHAP, kuma in na'urar ta yarda ka yi mai fuska biyu, saba ta tabbatar da ma'ajiya ma'ajiya ta tabbatar da saba. In akwai Windows a ciki sirrin ya zama haruffa 12 zuwa 16, abin da initiator ɗinsu ke karɓa ke nan, kuma kowace saba da nata, kar ka raba musu guda. Na uku fot 3260 kar ya fita daga VLAN ɗin ma'ajiya, domin CHAP a bakin shiga kawai yake aiki, bayanan da ke wucewa bayan nan a fili suke tafiya.

Mu da muka taso a Fibre Channel hawa biyu muka saba. Zoning a kan suwic, wato wane kati ne zai iya ko magana da wane fot na ma'ajiya, ana yi da WWPN, lambar nan mai haruffa 16. Sannan masking a kan ma'ajiyar kanta. Kowane zone kati ɗaya na saba muke sawa a ciki, ba a tara su. Wasu na cewa maimaici ne, ni kuwa na ga ranar da ɗaya ya ceci ɗaya. Illarsa dai in katin saba ya ƙone aka canza, WWPN ya canza, sai saba ta tashi ba ta ga faifanta ba a yi ta salati, alhali wuri biyu kawai za a gyara.

Ɗalibi99:
To wai duk wannan, IP ana iya sata, UID ana iya ƙirƙira, IQN ana iya kwafa. Babu wanda yake shaida ta gaske ke nan?

Hajiya Root:
Yauwa, ka iso inda nake so. Duk waɗannan ukun abin da na'ura ta faɗa ne game da kanta. Shaida ta gaske sai an haɗa da sirrin da ba a iya ƙirƙira, a NFS kuwa wannan Kerberos ne. NFSv4 da sec=krb5, mutum sai ya zo da tikiti daga KDC, sabar da ke tantance mutane ta ba su tikitin, kafin ma'ajiya ta yarda shi ne, root na laftof ya yi amfani da umarnin su ya koma 1005 ya ga ba abin da ya buɗe. krb5i ya ƙara hana a canza bayanai a hanya, krb5p ya rufe su gaba ɗaya yadda mai leƙe ba zai karanta ba. In kuna da Active Directory ai kuna da KDC a hannu, in babu akwai FreeIPA. SMB ma dalilin da ya sa ta fi NFS ta gargajiya a wannan fannin ke nan, kowane mutum da kansa yake gabatar da shaidarsa, ba na'urarsa ce ke yi masa ba.

Yaya Linux:
Hajiya da girmamawa, kar mu ɗora wa yaron nan kayan da ya fi ƙarfinsa. Mutum ɗaya ne, saba uku, jiya-jiya ya karɓi aiki. Kerberos yana son DNS mai tsabta gaba da baya, yana son agogon kowace na'ura ya daidaita, in ya kauce da fiye da minti 5 an ƙi tikiti, ga keytab, fayil ɗin da ke riƙe makullin sirri, ga manhajojin da ke gudana da dare babu mai shigar musu da kalmar sirri. Ranar da ya karye ƙarfe biyun dare shi kaɗai zai zauna da shi, sai ya zama gyaran gangar auzinawa. Sabobi uku a VLAN ɗin da ba mai shiga, kowacce da reshenta, ni a wurina ya isa. Kuma ko da Kerberos ɗin, wanda ya zama root a kan saba zai iya ɗaukar tikitin duk wanda ke kan sabar a lokacin.

Hajiya Root:
Na wanda ke kan sabar a lokacin, ba na kowa da kowa a ma'aikatar ba, bambancin ba kaɗan ba ne. Amma na yarda ba aikin wannan makon ba ne. Sharaɗina ɗaya, in zai zauna a sec=sys to foldar kuɗi da ta ma'aikata kar su fita ta NFS ko kaɗan, ko ga wa. Don ka duba, sabar yanar gizo ita ce ke fuskantar intanet, ita za a fara fasawa, kuma duk abin da aka fitar mata na wanda ya fasa ta ne. Ka ɗauka kawai duk saba da ka sa a exports ka ba duk wanda zai taɓa zama root a kanta wannan reshen.

Mai Windows:
Wannan ma zai raba shi da wani ciwon kan, folda ɗaya ana shigarta ta SMB da NFS lokaci guda. Can ana maganar SID, lambar asusu ta Windows, da ACL, nan ana maganar UID da rwx, sai wani ya yi chmod daga Linux ya wargaza ACL ɗin da ka kwana kana shiryawa. Ana iya daidaita su amma sai an zauna. In ba dole ba kowace folda ta bi hanya ɗaya.

Kuma tunda kana ciki ka duba ko SMB1 a kunne take ka kashe. Ta nan ƙwayar WannaCry mai kulle fayiloli ta bi a watan Mayun 2017, alhali Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris. Samba ma tun 4.11 ta daina kunna ta da kanta. Abin da zai yi maka kuka bai wuce tsohuwar na'urar sikanin da ke jefa takardu a folda ba, ita ma ka ba ta asusunta daban mai rubutu a folda ɗaya tak, kar ka bar ta da asusun admin kamar yadda ake yawan yi. In kwamfutocin duk sababbi ne ka kunna rufe bayanai na SMB3 a kan share ɗin kuɗi.

Sabon Admin:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Saura sabar bakof, ita ai dole ta ga komai har da foldar kuɗin, ya zan yi da sharaɗin Hajiya?

Hajiya Root:
Tambaya mai kyau. Dole ta ga komai amma ba dole ta iya rubuta komai ba, karatu kawai. Kuma ita za ta riƙa zuwa ta ɗauko, ba NAS ce za ta riƙa tura mata ba, kuma kar wata kwamfuta ta ma'aikaci ta iya ganin inda take ajiyewa. Dalili, ƙwayar nan mai kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa da izinin wanda ta kama take aiki. In ta kama akawu za ta kulle duk inda akawu ke iya rubutu, in ta kama admin da ya jona komai a kwamfutarsa to sai dai addu'a. Shi ya sa rukunin karatu da Mai Windows ya faɗa ba ado ba ne, duk wanda karatu ya ishe shi kar a ba shi rubutu. Wannan ƙa'idar ta ba kowa mafi ƙarancin ikon da aikinsa ke bukata ba sabuwa ba ce, Saltzer da Schroeder sun rubuta ta tun 1975.

Ita sabar bakof ɗin ka ɗauke ta a matsayin na'ura mafi tsada a wurin, tunda komai na cikinta. Kar ka haɗa ta da asusun da kake shiga imel da shi, kar a gudanar da komai a kanta sai bakof. Ga foldar kuɗi ni da rsync ta SSH zan ɗauko da makulli na musamman, ko in yi amfani da tura sinafshot, wato hoton yadda fayiloli suke a wani lokaci, na NAS ɗin in tana da shi, ba NFS ba. Ka kunna sinafshot ɗin ma a kan NAS, tunda ta SMB ba a iya canza su, amma ka tuna wanda ya shiga shafin sarrafawa zai iya goge su da dannawa biyu. Don haka asusun admin na NAS sirrinsa daban, da tabbaci mataki biyu, kuma kwafi ɗaya ya kasance a wajen ginin ko a inda ba a iya gogewa sai wa'adi ya cika.

Gwani SAN:
Ka kuma leƙa rawuta ka ga ko NAS ɗin ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa intanet ta UPnP, tsarin da ke barin na'ura ta buɗe fot a rawuta da kanta. Ƙwayoyin kulle fayiloli Qlocker a 2021 da DeadBolt a farkon 2022 na'urorin QNAP da ke fuskantar intanet kai tsaye suka bi suna kullewa, ba su bi ta kan wani ma'aikaci ba balle ACL ya yi aiki. Mai son shiga daga gida ya bi ta VPN. Kuma kar wani ya ce maka ai akwai RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, RAID mutuwar faifai yake karewa, in aka goge fayil a duk faifan ake gogewa lokaci guda.

Sabon Admin:
To jama'a abin ya yi yawa, wanne zan fara? Har yanzu tsorona na tsayar da aiki yana nan.

Yaya Linux:
Kar ka rufe komai yau. Fara da sanin su waye ke ciki. A kan NAS ɗin ka yi ss -tn ka tace fot 2049 da 3260 ka ga IP ɗin da ke jone, smbstatus kuma zai nuna maka na SMB da fayilolin da suka buɗe. Ka maimaita a lokuta daban-daban har da dare da ƙarshen wata, don akwai aikin da sau ɗaya yake tashi a wata, irin na albashi, in ka rufe masa hanya ba za ka sani ba sai ranar biya. Kusan kullum sai an tarar da wata na'ura ta huɗu da ba wanda ya tuna da ita. Kafin ka taɓa komai ka tabbatar bakof na jiya yana dawowa, ka kwafi exports da smb.conf ka ajiye, ka yi getfacl -R ka zuba a fayil don in abu ya rikice ka mayar da setfacl --restore.

Bayan nan UPnP da Guest, su ba sa jiran komai. Sai tauraron exports da iSCSI a lokacin da aka amince za a iya tsayar da VM. Sai rukunoni. VLAN a ƙarshe don shi ne zai sa ka canza IP a fstab na kowace saba. Wani abu kuma da zai iya cizonka in ka fara yawaita rukunoni a gefen Linux, sec=sys rukuni 16 kawai take ɗauka wa mutum, na 17 sai a yi kamar babu shi, maganinsa manage-gids a kan NAS ɗin.

Mai Windows:
Kuma jerin waɗanda za su shiga foldar kuɗi ba kai za ka zaɓa ba Malam. Shugaban sashen ya rubuto maka sunaye, oga ya amince, ka ajiye takardar. Kai mai riƙe makulli ne kawai. Ka kunna rajistar shiga a kan foldojin nan biyu, a Samba full_audit, a Windows lambobi 4663 da 5145 za ka nema, amma a kan su biyun kaɗai, in ka kunna a ko'ina rajistar za ta cika faifai kuma ba mai karantawa.

Ɗalibi99:
To shi admin ɗin fa? Shi ai yana iya karanta albashin kowa.

Hajiya Root:
Yana iya, kuma gara a faɗa wa oga haka ƙarara tun yanzu kar ya ɗauka an rufe wa kowa. Abin da ake yi shi ne asusunsa na yau da kullum kar ya kasance cikin rukunan kuɗi, in zai yi aikin admin ya shiga da wani asusun daban, rajistar kuma a riƙa tura ta wata na'urar da ba shi kaɗai ke da iko da ita ba. In suna son abin da ya wuce haka sai sashen kuɗi su riƙa kulle fayilolin da makullinsu kafin su ajiye, amma su sani in suka ɓatar da makullin babu admin ɗin da zai dawo musu da komai, bakof ɗin ma a kulle zai fito.

Sabon Admin:
Na yi ss ɗin yanzun nan. IP biyar ne a kan 2049, ba uku ba. Ɗaya na gane ta, tsohuwar sabar gwaji ce da aka ce min an kashe. Ɗayar kuma tana cikin jerin adireshin da ake raba wa kwamfutocin ofis, ban san ta waye ba.

Yaya Linux:
Kar ka yanke ta tukuna kuma kar ka yi shela a ofis. ip neigh zai ba ka MAC ɗinta, wato lambar katin netwok ɗinta, ka duba teburin suwic ka ga wane fot take, ka bi wayar. Ka adana abin da ss ya nuna da lokacin da ka gani. In ka gano ta dawo ka faɗa mana me take jonawa da kuma tun yaushe.